Akumarin jaki da motar Baba

A hawa na tara muka tashi, a La Courneuve da ke gefen Paris, inda babu murhu balle itace. Wutar da muke zagayewa wani ɗan shofaj ne na lantarki mai sanduna biyu da ke yin ja, Kaka tana kiransa wutar Nasara. Daga Damagaram aka ɗauko ta don a duba mata ido, da niyyar wata uku, ta yi shekara goma sha ɗaya tana cewa jibi za ta koma. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara, Baba kuma Mamana, don ba ya kama sunan uwarsa.

Da an yi magariba an ci tuwo, sai ta miƙe ƙafafunta gaban shofaj ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, wanda bai wanke hannu ba kar ta je kunnensa." Ni da ƙanena Sani mu ce ta zo mu ji ta. Sani barci yake yi tun ba a kai rabi ba. Ni kuwa ba na barin tatsuniya ta wuce lafiya, komai sai na tambaya, har Kaka take cewa bakina ya riga haƙorana fitowa.

Wadda na fi so ita ce ta mai tukwane. Wani mutum ne da ke ɗora tukwane a jaki ya kai kasuwa, a hanyarsa kuma akwai kwari mai duwatsu. Kullum in sun gangara kayan su yi ta lilo, dama da hagu, tukunya ɗaya ko biyu ta faɗi. Ran nan ya ce yau zai yi maganin abin. Ya cire akumari, wato matashin ciyawar da ake shimfiɗa wa jaki a baya, ya sa katako a madadinsa, ya ja igiya har jakin yana nishi. Kaya kam ba su motsa ba. Amma da ya isa kasuwa ya kwance, ko tukunya ɗaya babu mai lafiya, duk sun tsage, bayan jaki kuma ya yi miki. Ya zauna yana kuka, sai jakin ya juyo ya ce masa, "Kai ka san igiya, ni na san hanya. Ka ɗaure kaya kar su yi lilo, amma ka bar mini abin da zai shanye duwatsu."

"Kaka, kaurin akumarin ya kai yatsa nawa?"

"Tambayi jaki."

"To mi ne sunan mutumin?"

"Ke kau, Takwara, kanki ɗaya? Mutum ya hasa tukwane, kuma a hwaɗi sunanshi?" Sai ta yi wata dariya wadda ban gane ta ba, ta rufe da cewa, "Ƙurunƙus kan kusu, in da ƙarya a ciki jaki na nan."

A ƙasan benenmu akwai wata abar da ita ma take lilo. Baba yana cikin masu sayen tsofaffin motoci su tura gida ta jirgin ruwa, sai wata ta faɗo hannunsa ya kasa rabuwa da ita: tsohuwar motar Amurka, doguwar hanci, mai silinda takwas, in ta yi gurnani har hawa na tara ake ji. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da sa'a, amma da an zo kwana sai ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale. Sau ɗaya Kaka ta shige ta. Da ta fito ta dafa bango ta ce wa Baba, "Wannan taka igiyarta a sake take."

Bayan rasuwar Kaka muka koma Vénissieux, kusa da Lyon, Baba ya kama aikin ɗaukar kaya a sito. Aikin nan ne ya cinye masa baya, har aka yi masa tiyata. Motar ta shekara tara a lulluɓe. Ni kuma tambayoyina suka kai ni inda suka saba kai mutum, na zama makanikiya. Da matar Sani ta kusa haihuwa a Paris, Baba ya ce yana so ya je suna a motarsa, ko da shi ne tafiyarsu ta ƙarshe tare. Na ce ya bar mini.

Injin bai ba ni wahala ba. Ƙafafun ne suka ja hankalina, ina so in ga yadda za ta sha kwana ba ta kwanta ba. Na cire sifirin ɗinta masu laushi na sa gajeru masu tauri, gaba da baya. Robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe na musanya su da masu taurin ƙashi. Na gwada ta ni kaɗai a shatale-tale, ta zagaye a miƙe tsaf, na dawo ina jin kaina.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗauki Baba. Tudun rage gudu na farko, na ji ya ja numfashi. Na biyu, ya damƙe ƙofa. Ba mu bar unguwarmu Les Minguettes ba ya ce, "Mamana, tsaya nan. Doucement, a hankali. Ni zan koma a tram, jirgin cikin gari." Ya fita da ƙyar, yana dafe da ƙugu, ya dubi motar ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Ki saida ta." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kwana biyu yana kwance.

Ina ƙarƙashin motar a gareji, ina kallon sifirin da na sa, tatsuniyar ta dawo mini gaba ɗayanta. Katako na shimfiɗa wa tsohona. Lilo daban, duwatsu daban, kowanne da maganinsa, ni kuwa na haɗa su na yi musu ɗaurin huhun goro. Na mayar da sifirin da robobin masu laushi, kusan irin na asali. Na sa sababbin amortisa, waɗanda ke hana mota ci gaba da tsalle bayan ta taka rami. Sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun gaba biyu, wadda aikinta hana kwanciya a kwana, na sa mai kauri, ita ce igiyar. Sauran tambayar kaurin akumari, kuma na san amsar da za a ba ni. Na cika ƙwaryar furar Kaka da ruwa, na girke ta a kujerar Baba da tsumma, na yi ta bin tudun nan ina sassauta amortisa kaɗan kaɗan. Kujerar ta sha ruwa har ta gode Allah. A rana ta shida ƙwaryar ta dawo da ruwanta.

Ranar tafiya sunan, Baba ya ƙi shiga. Sai da na nuna masa ƙwaryar, na ce in ta zube ya hau jirgin ƙasa, sannan ya zauna ya riƙe ta a cinya. Muka haye tudu na farko, ya dubi ruwan. Muka zagaye shatale-tale, ya sake duba. Sai da muka hau babbar hanyar Paris sannan ya ce, "Wa kika tambaya?"

"Jaki."

Ya yi dariya har ruwan ya zube masa a wando, dariyar nan ta Kaka sak. Da ya share ido ya ce, "Ta taɓa gaya miki sunan mai tukwanen?" Na ce ta hana ni. Ya ce, "Babana ne. Tukwanenta ne ya hasa, na kasuwa guda, suna sabon aure. Shekara arba'in tana ba da labarin a gabanshi, shi kau yana cewa jakin bai yi magana ba."

Na daɗe ina ɗauka darasin na kaya ne da igiya. Yanzu ina ganin Kaka labarin mijinta take bayarwa, wanda ya so ya kyautata mata ya fasa mata tukwane, ta kuma rufa masa asiri har a gaban jikoki. Ni ma Baba bai taɓa gaya wa Sani abin da na yi masa ranar Lahadin nan ba. Kafin mu kai garin Mâcon ya yi barci, ƙwaryar tana cinyarsa.