Lambobin Naziru a Bangon Asibiti

Da faɗa muka saba da Naziru. Ni ce mai sharar ƙaramin asibitin ƙauyenmu, nan ƙasar Bagwai. Shi kuwa shi ya haɗa akwatin nan da ake ce wa rauta, wanda ta cikinsa likita a Kano yake duba mana masu ciki. Wata safiya na tarar an ɓata bango da gawayi, na sa tsumma na goge tas. Sai ga shi, ya dafe kai.

"Inna Zuliha, kin kashe ni! Adireshin ƙofofin akwatin ne!"

"Akwati har da ƙofa? Gobe ka ce yana da zaure. Bangon ubanka ne?"

Ya juya akwatin ya nuna mini ramukan bayansa. Kowane rami ƙofa ce, in ji shi, sai an sa mata lambarta: ɗaya ta kalli waje, ɗaya ta kalli kwamfutocin ciki. Lamba ɗaya ta kauce, likita ba zai ji mu ba.

Ɗan Malam Dallatu ne, shi kaɗai a gidan bai taɓa wuni da fartanya ba, sikila ta hana. 'Yan'uwansa na gona, shi yana gindin kuka yana farke rediyon ubansa. Ya yi karatu a Bici, aka kira shi aiki birni ya ƙi. A hanyar Kano yayarsa ta rasu tana naƙuda, bai manta ba.

Akwatin tsoho ne, da an yi tsawa sai ya manta komai. Naziru ya rubuta lambobin a takarda, gara ta ci. Ya koya wa ma'aikata, aka yi musu canji.

"Inna, ke kaɗai ce ba a canjawa," ya ce.

Haka ya riƙa bina ina shara yana biya mini, ina zaginsa ina haddacewa.

Daminar bara ciwon ya kwantar da shi, aka yi tsawa, akwatin ya mutu, ga Tahira matar maƙeri da ciki wata tara, ƙafafu a kumbure. Na tsaya a kan sabuwar nas ina faɗa mata lambobin tana dannawa, har fitilar akwatin ta yi kore, muryar likita ta fito.

Na je gidansu Naziru na gaya masa. Ya rame, idanu sun yi rawaya. Ya ce in biya ya ji. Na biya masa ƙofa ta farko, na biya ta biyu, leɓensa na motsi tare da nawa. Bai kai la'asar ba, Allah ya ji ƙansa. Da zan fita na gyara masa mayafi, na dafa goshina, inda lambobin suke, na ce:

"Kwanta ka huta, ɗan nema. Wannan bangon ba mai goge shi."