Sawun Ƙafa a Daron Sabuwa

Sabuwa ba ta taɓa kiran abin da take koya mana yoga ba. Miƙa take cewa. 'Yar Gumel ce, ta haura hamsin, ta yi shekara bakwai tana goge-goge a wani gidan motsa jiki na mata a unguwar Nasiriya ta birnin Riyad. Daga bakin ƙofa ta koya, bokiti a hannu, tana kallon mata suna lanƙwasa jiki a kan shimfiɗa. Abin da ya yi mata ta ɗauka, sauran ta bar musu.

Ba ta tara mata sai Oktoba, lokacin da zafin Riyad ya karye. "A gida kaka ce yanzu," in ji ta. "Nan babu gonar da za a gyara, sai jiki." Kowace Juma'a da hantsi muke hawa saman benen da take haya a unguwar Al-Oud. Daro shida ne a jere, cike da jan rairayi da mijinta, direban tifa, yake ɗebo mata daga bayan gari. Ta ce tayil ba ya amsa wa mutum. Za ki tsaya a ciki babu takalmi, ki rufe ido, ki ja numfashi, ki sake shi a hankali har sau arba'in. Sai miƙa, sai ta murza miki ƙafa da man zaitun mai ɗumi, a sha shayin citta a watse.

Bilƙisu, wata nas da muke aiki tare, ita ta kai ni. Ni mai haɗa magunguna ce. 'Yata Muhibba ta rasu a watan Afrilu, tana da shekara uku da wata huɗu. Awonta na ƙarshe kilo goma sha uku. Ban shiga maƙabarta ba, mahaifinta ne ya shiga, ya ce mini babu suna a kan kabarin. Daga saman benen Sabuwa ana hango katangar maƙabartar. Tun rasuwar bayana ya riƙe, na kasa miƙewa sosai. An ɗauki hoto sau biyu, ba a ga komai ba.

Mutane sun koma kirana Dakta. Sabuwa kaɗai take cewa Maman Muhibba.

In kin fito daga daro, takan durƙusa ta duba sawunki kafin ta shafe. Ranar farko ta duba na Bilƙisu ta yi tsaki.

"Ke fa da ƙafa ɗaya kike tsayuwa, kamar zalɓe."

"To Yaya, awa goma sha biyu a tsaye, ai dole su yi karɓa-karɓa!"

Aka yi dariya. Sai ta zo kan nawa. Ta daɗe a durƙushe. Na leƙa: yatsuna sun nutse sosai, dudduge kuwa da ƙyar ya taɓa rairayin.

"Haka mai goyo take tsayuwa," ta ce a hankali.

Na ce mata na rame da kilo tara, babu dalilin da sawuna zai fi na Bilƙisu zurfi. Ta ce ita ba ta san kilo ba. Mako na gaba na zo da rula a jaka. Na auna sawun mata biyar, na auna nawa. Nawa ya fi zurfi, ni ce kuwa mafi rashin nauyi a cikinsu.

"Yaya Sabuwa, me zan yi?"

"Ba zan ce ki sauke ta ba. Na yi goyon nawa shekara uku bayan an binne shi a Gumel. Amma baya yana da iyaka. In ya karye, ke da ita duk ƙasa za ku yi."

Na yi mako biyu ban je ba. Ciwon ban so shi ba, amma na gane ina tsoron ranar da zan tashi babu shi.

Na koma a ƙarshen Nuwamba, Juma'ar ƙarshe kafin ta kwashe darukan saboda sanyi. Na riga kowa zuwa. Rairayin ya yi sanyi ƙalau. Na shiga, na rufe ido. Sabuwa ta tsaya a bayana, ba ta taɓa ni ba.

"Yadda kike sauke ta in ta yi barci," ta ce. "Kada ki tashe ta."

Na sunkuya. Hannuna ya tafi ƙirjina da kansa, inda ƙullin zani yake zama. Na kai ɗayan baya, na tallafa, na durƙusa a hankali. Sannan na miƙe. Na ji duddugena ya shiga rairayi, sanyin ya hau har ƙeyata.

Da na fito na juya. Sawuna biyu daidai suke, gaba da baya. A bayansu, kusa da bakin daron, akwai wasu ƙananan ramuka biyu, gefe da gefe.

Na kai hannu jaka neman rula. Kafin na ciro, Sabuwa ta shafe su da tafin hannunta.

"Tantabara ce," ta ce. "Suna sauka nan da safe."

Ban ga tantabara ba ranar. Na sauko daga benen a miƙe, babu ciwo ko kaɗan. A tsakiyar matakala na tsaya na riƙe bango, don bayana ya yi sanyi, daidai inda Muhibba ta saba ɗora kumatunta.