Jirgin da ya kusa hana ni aure

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kalgo, kuma maganar aurena ta fara nisa da wata yarinya 'yar Gwandu, abokina ya dawo daga wani kwas da aka tura shi ƙasar waje, ya kawo mini tsaraba. Ni dai na sa rai da agogo ko turare. Sai ya miƙo mini wani kwali mai faɗi, an zana jirgin sama na yaƙi a jikinsa, irin na zamani mai tsinin baki.

Na buɗe ina murna, na tarar babu jirgi a ciki. Wasu 'yan guntayen roba ne masu ruwan toka, birjik, kowane a maƙale jikin firam da lambarsa, ga takarda mai zane-zane da kibiyoyi, ga ɗan mitsitsin gam. Na ce masa, "To ina jirgin?" Ya ce, "Kai za ka haɗa shi. Ba kai ne kake yi mana motar kara da ta gwangwani muna yara ba? Duk unguwa ba wanda ya kai ka. Ina ganinsa kai na tuna."

Wannan yabon shi ya jawo mini komai. Kaina ya kumbura, na ce masa ya ba ni kwana uku.

Amma fa kunya nake ji. Malamin makaranta, ga gemu ya fara taruwa, ana shirin kai kayan sa rana, a ce an gan shi yana wasa da roba? Sai na yanke shawarar kada kowa ya sani. Ɗakina yana bakin zaure, saboda haka kullum in na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in shige in sa sakata har La'asar, in na dawo daga masallaci in koma. Reza da abin yanke farce da tsinken sakace su ne kayan aikina.

Ranar farko na gane abin ba motar kara ba ne. Akwai guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Matuƙin jirgin kansa kamar ƙwayar wake yake, kuma wai sai an liƙa masa hannuwa. Iska ta shigo ta taga ta watsar mini da ƙafafun jirgin, sai na rufe tagar. Fanka ta kwashe wasu, sai na kashe ta. Ga zafin Kalgo, ga ɗaki a rufe ruf, ina zaune da singileti gumi yana ɗiga a kan takardar.

Gam ɗin da ya zo a kwalin kuwa, a rana ta biyu na zauna a kansa.

Na tafi wurin mai facin bakin kasuwa na ce ya sayar mini da sholisho. Ya dube ni, ya dubi bayana kamar yana neman abin hawan da zan yi wa faci, sannan ya miƙo. Abin da ban sani ba shi ne, sholisho tayar roba yake kamawa, ba irin wannan busasshiyar robar ba. In na liƙa fiffike yau, gobe in tarar ya saki ya langaɓe. Maimakon in yi tunani, sai na ce ƙila gwangwanin ne ya daɗe. Na koma na sayo wani. Shi ma haka. Cikin mako biyu na je wurin mai facin nan sau huɗu.

Duk wanda ya san warin sholisho ya san abin da yake yi a ɗakin da ba iska. Ina fitowa idanuna jawur, kaina yana juyawa, in tafi masallaci ina tangaɗi kaɗan-kaɗan. Ni a ganina gajiyar aiki ce.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, Malam take ce mini. Wata rana matuƙin ya faɗi ya ɓace, na durƙusa ina rarrafe ina leƙa ƙarƙashin gado, ina magana ni kaɗai da ƙarfi: "Ina matuƙin nan ya shiga? Yanzun nan na zaunar da shi! Wa zai tuƙa jirgin?" Ashe tana bakin ƙofa da kwanon abinci a hannu. Wata rana kuma, da jikin jirgin ya fara kama da jirgi, na ɗaga shi sama ina zagaya ɗaki ina yi masa kuka da baki. Wannan ma ta ji. Ta kuma ga gwangwanayen a kwandon shara.

Ba ta ce mini komai ba. Sai dai na lura kullum ana kawo mini fura da nono mai kauri, har sau biyu a rana, ta tsaya a kaina sai na shanye. Wani lokaci in ji ɗan ɗacin rubutu a ciki. Ta ce, "Sha, Malam, shanye duka." Ni kuwa ina ta jin daɗi, ina cewa a raina Inna ta ga zan yi aure zan bar ta, shi ya sa take ji da ni. Daga baya na ji cewa wata maƙwabciya ce ta gaya mata nono yana karya maye.

A daidai wannan lokacin ne dangin yarinyar suka turo baffanta ya yi bincike a kaina, kamar yadda aka saba. Dattijo ne mai gyaran agogo da rediyo a Gwandu, ba ya son wargi. Ya hau mashin ɗinsa ya taho, yana shigowa Kalgo taya ta yi faci. Duk cikin masu facin garin, sai ya tura mashin wurin mutumina. Ana aiki ana hira, ya jefa tambaya, ko ya san malam wane mai koyarwa a firamare?

Mai faci ya ce, "Ƙwarai kuwa. Mutumin kirki ne, sallah ba ta wuce shi, ba ya faɗa da kowa. Ai mai sayen sholisho ne a wurina. Gwangwani huɗu cikin sati biyu." Yana goga tayar, ya ƙara da cewa, "Ga shi kuma ko keke bai da."

Baffa bai ƙara tambayar kowa ba, ya juya Gwandu.

Ni ban san komai ba. Na dai ga yarinyar ta sauya. In na kira ta sai ta amsa a gajarce. Rannan ta ce mini, "Don Allah in tambaye ka, ka gaya mini gaskiya. Akwai abin da kake yi a ɓoye wanda ba ka son a sani?" Na ce a raina wa ya gaya mata zancen jirgi? Na ce, "E to, akwai. Amma ba wani abu ba ne, abokina ne ya koya mini. Na kusa gamawa, daga wannan kuma na daina." Sai na ji ta fashe da kuka ta kashe waya. Na zauna ina mamakin yadda mace za ta tsani jirgin sama haka.

Ranar Asabar da hantsi baffa ya dawo. Ya ce ba zai warware magana a kan zancen mai faci kaɗai ba, sai ya gani da idonsa. Ya yi sallama da Inna, suka yi magana a zaure, ita ma ta amayar da abin da ta gani tana hawaye. Suka taho ƙofar ɗakina tare.

A lokacin na riga na gano kuskurena, na koma amfani da gam ɗin nan na kanti mai kamawa nan take. Yana kamawa kuwa. Ina riƙe da fiffiken dama ina jira ya bushe, sai na ji bugun ƙofa da muryar Inna: "Malam, buɗe, ka yi baƙo daga Gwandu." Na zabura zan ajiye jirgin, jirgi ya ce bai san zancen ba. Babban yatsana da manuniya sun manne da fiffiken kamar tare aka ƙera su. Na yarfe, na ja, na sa haƙori. Aka sake bugawa. Na mayar da hannun baya, na zare sakata da hagu.

Warin ɗakin ne ya fara gaishe su. Baffa ya ja da baya ya toshe hanci da bakin rawaninsa. Ga ni tsaye da singileti, ido ja, gumi sharkaf, hannu a ɓoye. Ya miƙo hannu mu gaisa. Na zube ƙasa na ce, "Baffa, ina kwana? An zo lafiya?" hannuna yana baya.

"Lahiya lau. Mi ka ɓoye nan?"

"Ba komai, Baffa."

"Hiddo hannunka."

Inna ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah ka hiddo shi. Mun riga mun sani. Ba mu zo mu tozarta ka ba, magani za a nema maka."

Magani? Na dube ta, na dube shi. Na fito da hannun a hankali, jirgin yaƙi yana reto a jikin yatsuna, ƙafa ɗaya ta karkace, makamansa biyu suna lilo.

Baffa da Inna suka zuba wa jirgin ido.

Baffa ya ce, "Mi ne ne wanga?"

"Jirgi ne, Baffa."

"Na ga jirgi ne. Kai ne ban gane ba."

Nan na kwashe labari tun daga tsarabar abokina har zaman da na yi a kan gam. Na jawo kwalin da ƙafa na nuna masa, da takardar, da tabon sholisho a jikin fiffiken. Sai a lokacin ya gaya mini abin da ake zargina da shi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, da jirgin da komai.

Ya ce, "Buɗe tagar can tukuna, kahin ni ma a ce ina sha." Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, ya jiƙa yatsuna yana murzawa da haƙuri har suka saki, suka bar wa jirgin 'yar fata kaɗan. Sannan ya ciro tabarau daga aljihu, ya ɗaga jirgin ya duba, ya duba takardar, ya sake duba jirgin.

"Wa ya liƙa wutsiyar ga?"

"Ni ne."

"A juye take. In wanga jirgi ya tashi, baya zai yi." Ya girgiza kai. "Kana malami ba ka iya bin lamba ba? Ba ni rezar."

Dattijon da ya zo warware aure ya naɗe ƙafa a kan tabarmata, ya ciro ɗan hantsakin gyaran agogo daga aljihu, ya shiga aiki. Ni na koma miƙo wannan, riƙe wancan. Shi ya gano cewa tamburan da ake liƙawa a jikin jirgin sai an jiƙa su a ruwa suke fita daga takarda, ni da na yi kwana biyu ina kankarar su da farce. Aka kira Azahar ya ce mu je mu dawo. Muka dawo ya ci gaba.

Inna kuwa, tana tabbatar da cewa ɗanta ba ɗan maye ba ne, sai kukan ya koma faɗa. "Sati uku! Sati uku ban yi barcin kirki ba, ina tashi ina roƙon Allah, ina bin malamai, ashe abin wasan yara ka rufe ƙofa kana yi? Ƙato da kai?" Ta juya ta shige gida tana cewa daga yau kada wanda ya sake dama mini fura. Ta kuma cika alkawari, har na yi aure ban ƙara ganin kwanon nan ba.

Da yamma jirgi ya kammala, ya tsaya da ƙafafunsa a kan tebur, gwanin kyau. Ina cikin kallonsa, baffa ya ɗauka ya naɗe shi a ɗankwalin da ya ara wurin Inna, ya ce zai tafi da shi Gwandu a matsayin shaida, don in ya faɗa da baki ba wanda zai yarda. Matata ta ba ni labarin rahoton da ya bayar a gaban iyayenta. Ya ajiye jirgin a tsakiyar tabarma ya ce, "Yaro ba ya shan komi, ku ba shi. Amma ban ce muku lahiyarsa lau ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Abokina da ya ji labarin, dariya ya yi har ya zauna a ƙasa, bai ko ba ni haƙuri ba.

Yanzu in na tuna, dariya nake yi, amma akwai wurin da dariyar take tsayawa, wato makonni ukun da Inna ta yi tana kallona tana haɗiye kuka, ta kasa tambayata don tsoron amsar da za ta ji. Ni ina gudun a yi mini dariyar yini ɗaya, na bar ta da fargaba ita kaɗai. Tun daga nan na daina rufe wa mutanen gida ƙofa a kan abin da ba laifi ba ne. In abin dariya ne, su yi dariyarsu su gama.

Jirgin yana nan har yau a shagon baffa a Gwandu, a saman kanta tsakanin agogunan bango, duk wanda ya tambaya sai ya ce masa shi ya haɗa. Bara da Sallah muka je gaisuwa da yara, na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, shaidar nan tawa, ko zan iya tafiya da ita yanzu?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya ce maka an gama bincike?"