Motar Yaya Iro Mai Wuni Da Kwana Tana Gudu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Ku matso ku natsu, don wannan da idona na gan ta.

Kun dai san yayana, marigayi Baba Iro, wanda in kun gaishe shi sai ya duba hannunku kafin ya amsa. To ba tsufa ne ya kawo masa haka ba. Tun muna Obiagu a Inugu, yana aikin kanikanci, haka yake. Ka ce masa "Ina kwana," ya ce maka, "Wa ya aiko ka?"

Wani Bature mai aikin kwal ne ya bar masa mota da zai koma ƙasarsu. Koriya ce, ba rufi, kujera biyu tak, cikinta kamar ya shafi ƙasa. Wai can an yi tsere da ita, ta wuni ta kwana tana gudu. Direbobi ke gajiya a canza su, ita ko a jikinta. Yaya Iro ya tuƙo ta daga unguwar Ogui zuwa gida, jama'a na binsa da sowa. Ya fito yana gumi, ya ce, "Shi ke nan, sun gan ta."

Bai ƙara tayar da ita ba. Na ce, "Yaya, ai mota don hawa aka yi ta." Ya ce, "Binta, ke ma sun saye ki?" Kai, Yaya Iro!

Wanda ya fi shan zargi shi ne maƙwabcinmu Okoro, Ibo ne, direban akori-kura. Laifinsa, ya taɓa shafa motar ya ce ta yi kyau. Da Kirsimeti ya aiko mana da shinkafa, Yaya ya zuba wa akuya, ya wuni yana gadinta. Akuya ta ƙi mutuwa. Ya ce, "Da ita aka haɗa baki."

Sai ya yanke cewa motar da ba ta tashi ba ta satuwa. Ya kwance ta. Tayoyi ya kai wa wani Alhaji mai goro a Anacha. Wani ƙarfe mai kama da buta, wai kafireto, ya hau jirgi ya kai wa Malam Tanko mai tsire a Fatakwal. Sitiyari kuwa ƙarƙashin gadona. Ya dawo yana murmushi, ya ce, "Yanzu su zo."

Shekarar da sojoji suka kashe manyan shugabanni, ƙasa ta rikice. Jiragen ƙasa suka riƙa sauke Ibo daga Arewa, wasu da rauni, wasu a kwance, kuka ya cika tasha. Muka san fushin nan a kanmu zai sauka. Kakanku ya tafi Arewa sayen shanu, ni kuma cikin babanku Sani ya tsufa, da ƙyar nake kai ƙofar gida. Hausawan unguwa suka fara watsewa. Na ce, "Yaya, ga ranar motarka. Haɗa ta mu tafi." Ya je ya tsaya a kanta, tana bisa duwatsu, ba ƙafa ba hannu.

Da hantsi Okoro ya tsayar da motarsa a ƙofarmu, cike da buhunan garin rogo. Ya ce, "Iro, ku shiga. Ƙanena na Kano har yau ba labari, amma ba za a taɓa mai ciki a layina ba."

Yaya ya ce, "In mun tafi mota ta zama taka, ko?"

Okoro ya ce, "Wace mota? Wannan kwanon?" Ya sunkuci Yaya cak ya jefa bayan akori-kurar, aka taimaka mini na hau, ya rufe mu da tamfol.

Duk shingen da aka tsayar da mu, Okoro na magana da yarensu, Yaya na raɗa mini a kunne, "Kin ji ko? Cinikinmu yake yi." Haka har bakin iyakar Arewa. Okoro ya sauke mu, ya ce daga nan shi ma ransa ba nasa ba ne, ya juya. Ba a jima ba na haifi Sani a Makurɗi, daga can muka wuce Kano.

Alhaji mai goro, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Malam Tanko ya bar tukubarsa da kayan sawarsa, ya gudo da ƙarfen nan naɗe a riga, ya nemo mu har Kano. Yaya ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce, "An canza." Sai ya juya baya yana goge ido da hula.

Bayan yaƙin basasa Yaya ya koma Inugu. Mota babu, an kwashe ƙarfenta. Ya tarar da Okoro ya rame, ba akori-kura, ya binne 'ya'yansa biyu. Yaya ya taho da shi Kano da matarsa, ya sama masa aikin tuƙi, suka tsufa a benci ɗaya. In an tambayi Yaya sai ya ce, "Na kawo shi kusa ne don in sa masa ido." Ranar da Okoro ya mutu, Yaya ko ruwa bai sha ba.

Nan ta tsaya. Allah Ya jiƙan Yaya Iro, Ya ba shi makwanci inda ba sai ya waiwaya ba. Ku ce amin.