Fitsarin Jinin Da Aka Ce Mini Girma Ne

Salamu alaikum. Shekara hamsin ke nan ina riƙe da maganar nan, kunya ta hana ni faɗa. Yau dai zan faɗa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu a Toranke na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina. Na gaya wa Baba. Ya yi dariya ya ce, "Kai, Idi, ka zama namiji ke nan. Mu ma duk mun yi."

Haka kowa ya ɗauka a garinmu. Wanda bai fara ba ma tsokanarsa muke.

Na tafi sakandare da abina. Marata na ciwo, ina ramewa, ina gyangyaɗi a aji, ana ce mini rago.

Wani hutu malamin bayoloji, Malam Garba, ya ce kowa ya zo da ruwan kududdufin garinsu a kwalba. Ya ɗiga nawa a gilashi, ya sa a madubin nan mai ƙara girman abu, na leƙa. Innalillahi! Ruwan da nake wanka da shi, ga halittu nan suna iyo a ciki.

Sai ya ɗaga dodon-koɗi ya ce tsutsar tsargiya a jikinsa take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka, mutum ya riƙa fitsarin jini. Ya ce in an bar ta tana lalata ƙoda.

Wallahi ban ji sauran darasin ba.

Na same shi bayan an tashi. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce shekara huɗu. Ya ce lallai in tafi asibiti.

A asibiti a Kano aka ba ni 'yar kwalba, aka duba, aka ga ƙwan tsutsar. Allurar da aka riƙa yi mini ta wahalar da ni, amai kullum, har na zaci tafiya zan yi. Baba ya sayar da gyaɗarsa ya zo, ya zauna bakin gado ya ce, "Ka yafe mini, ban sani ba."

Ranar da na ga fitsarina fari tas, kuka na yi.

Alhamdulillahi. Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya jiƙan Baba.

Don Allah, in yaro ya ga jini, ku kai shi a duba fitsarinsa, magani yanzu ƙwaya ne kawai. Aminina Sule, da muke wankan tare, gona aka bar shi, ba wanda ya duba nasa. Ni na yi masa wankan gawa, bai kai talatin ba.