Kalmar da Kowa ke Faɗa a Unguwar Jami'a

Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo, kuma abin da aka fara koya mini shi ne kada in furta kalmar da ban san nauyinta ba. Duk da haka kalma ɗaya ta Larabci ta ruɗe ni shekaru, sai da na je Jidda na gane.

A Damagaram na san ta. A Jidda aka haife ta, iyayenta suka turo ta gida karatu, ta sauka wurin gwaggonta a maƙwabtanmu. Son ta nake yi, ba irin son ƙawaye ba, ita ma ta sani, ta kuma amsa. Kalmar da Hausa ta tanadar wa irinmu ta zagi ce, ni kaina ban taɓa karanta ta ba sai a labarin kotu. Saboda haka ba mu sa wa abin suna ba. Idan muna mu biyu, "tawa" take ce mini, shi ke nan.

Da mahaifinta ya rasu ta koma wurin mahaifiyarta a unguwar Madain Fahd ta Jidda, ta samu aiki a wani shago kusa da ƙofar mata ta jami'a, inda ake buga wa ɗalibai takardu a ɗinke su. Muka koma saƙon murya. A hankali "tawa" ta ɓace daga saƙonninta, "habibti" ta shigo. Na tambayi wani abokin aikina da ya yi Larabci, ya ce ma'anarta masoyiyata. Sai na ɗauka ƙarin matsayi na samu, abin da ba ya faɗuwa da Hausa ta samo harshen da za ta faɗe shi a fili.

Na yi umra, na wuce Jidda don in ga ko har yanzu ni tata ce.

Bayan la'asar na isa unguwar. Ban taɓa ganin 'yan mata da yawa haka suna dariya a titi ba. Abayoyi kala-kala, wasu a buɗe, takalman gudu a ƙafa, kowacce da gahawa mai ƙanƙara a kofin roba. Direbobi na danna ham suna jiran masu fitowa, ƙanshin shawarma ya haɗu da laimar teku da ke manne wa fata. Biyu-biyu suke tafiya riƙe da hannun juna, babu mai waiwayen su. Na ce a raina, a nan ma za mu iya.

Tana ganina ta zagayo daga bayan kantar shagon ta rungume ni. "Habibti! Kin iso lafiya?" Ban gama amsawa ba wata ɗaliba ta shigo tana tambayar aikinta.

"Bukra, habibti," in ji ta, "wallahi gobe."

Murya ɗaya, jan wasali ɗaya da wanda ta yi mini. Kunnena aikinsa ke nan, ba ya kuskuren irin wannan.

Abokiyar aikinta, wata Bahaushiyar Chadi mai faɗin fuska, ta leƙo daga bayan injin. "Wace ce wannan da kika bar kwastoma saboda ita?"

"Hajiya ce, 'yar garinmu. A rediyo take."

"Iye! To Hajiya, karanta mana labaran duniya mu ji, ko sai an kunna ki?"

Na yi dariya yadda ya kamata. Masoyiyata kuwa ba ta taɓa ce mini Hajiya ba sai ranar.

Da ta tashi aiki ta kai ni wani shagon gahawa cike da ɗalibai. Mai kawo kofi ta ajiye, ta ce mata "shukran, habibti," waccan ta mayar mata da irinta. A teburin bayanmu wata na faɗa wa wata haka suna rigima a kan caja.

Na ce, "Me kike ce mini a Damagaram?"

Ta yi ta juya ƙanƙarar kofinta. "Halas mana, Hajiya, bar zancen. Nan ba can ba ne. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun kafili take, wanda ya tsaya mini, Mama kuma ba ta da kowa sai ni."

"Ban ce ki ɗaga murya ba. Babu mai jin Hausa a nan. Ki faɗa sau ɗaya."

"Hausata ta yi rauni."

Da Hausa tsantsa ta faɗe shi, babu ko gargada. Na ci gaba da kallon ta, kamar yadda nake wa baƙo a ɗakin shiri idan ya kauce wa tambaya. Daga ƙarshe ta ɗago kai.

"Ban taɓa yi miki ƙarya ba," ta ce. "Shi ya sa na canza kalmar."

Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce ba ta san ranar ba. Ba wata ba ce, ba wani ba ne, abin ne ya ƙare, ta rasa yadda za ta gaya mini, tana tsammanin zan ji bambancin da kaina tunda ni ce mai kunne.

Ita ta kira mini mota. Wajen tsallaka titi ta kama hannuna, muka shiga cikin sauran masu tafiya biyu-biyu, kuma kamar yadda na yi hasashe babu wanda ya dube mu. Ta buɗe mini ƙofa, ta gaya wa direba sunan masaukina da Larabci, ta gyara mini gefen mayafi kada ƙofa ta kama shi.

Har yanzu takan aiko saƙo ranar Juma'a, ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta rufe da kalmar. Nakan saurara sau ɗaya, in amsa mata cewa kowa lafiya, a gaida Mama.