Ranar da Na Kira Sunanta

Ƙarar zif ɗin jaka ce ta tashe ni ran nan, ladan bai ma kira asuba ba. A buɗe, a rufe, a sake buɗewa. Ɗiyata ta fari ce a ɗakin da ke jikin nawa, tana sake shirya kayan da ta shirya jiya da shekaranjiya. Jakar baƙa ce, sabuwa, kawunta ya saya mata a Maraɗi ranar da aka ce ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Sai bayan kaka za a buɗe iniversite, mu kuwa muna tsakiyar damina. Ita dai ta gama haɗa kaya.

Na yi murmushi cikin duhu, ban ce mata komai ba. A wurinmu uwa ba ta sakewa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Na yi lekol, karatun boko, har na samu takardar breve, amma haka na tarar da iyayena, haka na riƙe. Tun da na haife ta "ke" nake ce mata. In zancenta ya taso in ce "yarinyar nan".

Ƙauyenmu yana kudu da Jiratawa, daji na bayansa. Lise, babbar sakandare, ta yi a Maraɗi, tana zaune gidan yayana a unguwar Zariya. Abin da take so ta karanta shi ne noma da ban-ruwa. Gonar babanta ce ta ƙarshe a kan kanal ɗin ban-ruwa, kowa ya sha ya ƙoshi kafin ruwa ya iso mana, wata shekara zogale ya bushe a tsaye. Tun tana kolej take ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, ni zan kawo maka ruwan nan." Har takalmin roba na shiga taɓo ta saya ta sa cikin jakar.

Da gari ya waye surukata, da yara ke kira Kaka, ta gan ta tana gwada takalmin.

"Mace da ƙafar kwaɗo. Wa zai aure ki haka?"

"Wanda ke son tumatir da rani, Kaka. Ke kuma ba zan ba ki ko ɗaya ba."

"Ja'ira. Ni na goya ki."

Baƙi muke jira ran nan. Yaran da suka ci bak sukan hau babura su bi gidajen junansu suna oda, iyaye na sa musu albarka. Sun yi Maraɗi, sun yi Tibiri, yau namu ne. Sun ce da hantsi za su iso. Garin duka ya sani, don ba a taɓa samun mace mai bak a cikinsa ba. Maigidana ya yanka zabi biyu, ya tafi fadama, ya ce zai dawo kafin baƙi. Na ɗora shinkafa. Ƙanwarta Sa'a, mai shekara shida, tana tsinke mini zogale.

Mun san da 'yan bindiga. Mun ji abin da suka yi a garuruwan bakin iyaka. Amma da dare aka san su. A garinmu in aka ji babura da yawa, ko da rana ne, gonar hatsi ake faɗawa a fara ɓuya tukuna. Ran nan kaɗai kowa ke jiran ya ji su.

Wajen ƙarfe goma muka ji ƙarar. Na lura daga kudu take zuwa, alhali Maraɗi arewa take da mu. Na ce a raina wataƙila ruwa ya ɓata hanya suka zagayo. Na lura kuma babu oda ko ɗaya. Kafin in gama tunanin, Kaka ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka amsa. Yara suka ruga waje. Mata suka fito ƙofar gida, wasu da goyo.

Ɗiyata ta ja mayafi, ta ɗauki kwanon ruwan baƙi, ta fita da gudu. Ni ban bi ta waje ba, ba a ganin uwar ɗan fari tana rawar jiki. Na tsaya bakin zaure, Sa'a na riƙe da zanena.

Mutum uku-uku ne a kan kowane babur. Fuskoki a rufe. Bindigogi a kan cinya.

Harbin farko sama suka yi. Guɗar ta yanke a tsakiya.

"Ku kwanta!"

"Ina shanun?"

"Kar wanda ya motsa!"

Kowa ya motsa. Tana tsakiyar fili tsakanin rijiya da masallaci. Ta juya ta nufi lungun masallaci, kwanon na hannunta har lokacin. Na hango wani ya sauka daga babur a bakin lungun, ita ba ta gan shi ba. Na ce, "Ke!" Filin cike yake da mata masu ihun "ke". Na sake. Ba ta ji ba.

"Balkisa!"

Ta tsaya cak. Ta juyo ta dube ni. Ba tsoro na gani a fuskarta ba, mamaki ne. Sai ƙara biyu, kusa da kusa. Kwanon ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa. Ita ma ta faɗi.

Na zabura, Kaka ta cafke hannuna. Ban san tsohuwar na da wannan ƙarfi ba.

"Ɗauki ƙaramar ki tahi. Ni ba ni iya gudu. Ni zan zamna da ita."

Na ga ta ratsa filin a hankali, ana harbi, ta zauna ta ɗora kan jikarta a cinya, ta rufe ta da mayafinta. Ganina na ƙarshe da ɗiyata ke nan.

Na saɓa Sa'a, na keta dangar bayan gida, muka faɗa hatsi. Ya kai mini ƙirji. Taɓo ya cire mini takalmi ɗaya, na yar da ɗayan. Muna cikin mata kamar goma. Wata maƙwabciyata na jan ɗanta, jini na bin ƙafarsa. A bayanmu harbi, da kukan shanu ana kora su, sannan warin rumbu yana ci. Wanda ya taɓa jin warin hatsi na ƙonewa ba ya mantawa.

Muka kwanta cikin wani kwari har harbin ya yi nisa. Sa'a ba ta yi kuka ba. Bakinta na danne da tafina, ta cije ni, ban ji ba sai daga baya.

Rana ta take muka isa fadama. Injin ban-ruwa na wani yana ta aiki shi kaɗai, ruwa na malala. Na duba gonarmu. Fartanyar maigidana na yashe, shi ba ya nan. Ashe ya bi wata hanya da gudu ya nufi garin. Na yi alwala a kanal, na yi azahar a zaune. Fatiha kawai na iya, ita ma sai da na maimaita.

Mun kusa hanyar Jiratawa muka sake jin babura. Muka watse cikin gona, muka kifa ciki. Sai na ji oda. Na ji waƙa, da dariyar 'yan mata.

Su ne. Taya ce ta fashe musu, kuma suka tsaya jiran Rahila, ƙawarta Kirista 'yar Tibiri, wadda suke benci ɗaya tun ajin farko na lise. Sun ɗaura ƙyallaye a kan babura. Na fito hanya ba takalmi, taɓo har gwiwa. Odar ta mutu ɗaya bayan ɗaya.

Rahila ta diro. "Inna, lahiya? Ina Balkisa?"

Ta dubi hayaƙin da ke bayana. Ba ta sake tambaya ba. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure ƙafar yaron maƙwabciyata. Ungozoma take son zama.

Baburan da suka zo taya mu murna su suka kwashe mu. Masu rauni da fari, sannan masu goyo. Yaron da ya ɗauke ni da Sa'a kuka yake tun daga nan har Maraɗi, ƙyallen murna na kaɗawa a gabansa. Ana kiran la'asar muka shiga Zariya.

Washegari maza suka koma da rakiya aka yi jana'iza. Ban je ba, ban ga kabarinta ba sai bayan arba'in. Maigidana ya dawo da Kaka a raye. An ce haka suka tarar da ita, ba ta tashi daga wurin ba. Ɗakunanmu sun ƙone, sai na yarinyar ya tsira. Ya taho da jakar.

Na sha tambayar kaina, da ban kira ba ta shiga lungun, mi zai faru? Wanda ke bakin lungun ma da bindiga yake. Allah ne masani. Nakan yi istigfari in tashi in ɗora tukunya.

Yanzu muna ɗaki ɗaya a gidan yayana. An buɗe iniversite. Da safe 'yan makaranta na wucewa ta ƙofar gida a kan kabu-kabu, nakan shige ciki har su gama wucewa. Rahila na zuwa gaishe ni, tana cikin karatunta, ina sa mata albarka, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Gonarmu tana nan a ƙarshen kanal, ba wanda ya shuka ta bana. An yi biki biyu a unguwa, an nemi Kaka ta yi guɗa, ta ce muryarta ta tafi.

Jakar na ƙarƙashin gado. Hijabi uku ne a ciki, da darduma, da biro, da takalmin roba da bai taɓa taka taɓo ba.

Wata safiya ina shara na ji zif. A buɗe, a rufe. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na leƙa, Sa'a ce zaune a ƙasa, ta zura ƙafafunta cikin takalmin, ya kai mata cinya. Tun ranar ba ta taɓa yin zancen ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Inna, ashe kin san sunan Yaya."